Tambayoyi da amsoshi kan busar da 'ya'yan itatuwa da ɓawonsu a mayar da su gari

Daga watan Maris zuwa Mayu mangwaro kan cika kasuwa har ya rasa mai saye, ya ruɓe a kwando. Wata uku bayan haka sai a nema a rasa. Lemo ma haka yake: a sha ruwan, a watsar da ɓawon. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu son adana waɗannan abubuwa a matsayin gari suka fi yawan yi, walau don amfanin gida ko don sana'a. An sa musu lamba saboda wata amsar tana jingine da wata.

1. Mene ne garin 'ya'yan itace? Sabon abu ne?

Ɗan itace ne da aka janye ruwan jikinsa har ya bushe ƙayau, sannan aka daka ko aka niƙa, aka tankaɗe. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Garin 'ya'yan kuka da ake damawa, garin ɗorawa, garin magarya da na goruba duk wannan ne. Bambancin kawai, waɗannan suna bushewa tun suna kan bishiya, Allah ya riga ya yi rabin aikin. Mangwaro, abarba, gwanda, ayaba da lemo kuwa ruwa ne mafi yawan nauyinsu, mutum ne zai fitar da shi da hannunsa, kuma a nan kusan duk matsalolin wannan aiki suke.

A wasu ƙasashe ma tsohuwar sana'a ce. A Indiya ana busar da ɗanyen mangwaro a niƙa shi a riƙa sa wa miya don tsami, kamar yadda muke yi da tsamiya. Garin 'ya'yan kuka kuma Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a matsayin abinci tun 2008.

2. Me ke cikin ɓawo da har za a wahala a kansa?

Ɓawo shi ne garkuwar ɗan itace daga rana da ƙwari, saboda haka a nan sinadaran kariya, launi da ƙamshi suka fi taruwa. In ban da ruwa, abin da ya fi yawa a kusan kowane ɓawo shi ne faiba, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa amma yake sa hanji aiki. Ɓawon lemo yana da mai mai ƙamshi a fatarsa ta waje, farin ɓargon da ke ƙarƙashi kuma cike yake da fektin, abin da ke sa jam ya yi kauri. Giram da giram, ɗanyen ɓawon lemo ya fi tsokarsa bitamin C. Ɓawon ayaba yana da fotasiyam, na mangwaro yana da sinadarin launin ruwan ɗorawa da jiki ke juyawa zuwa bitamin A.

Sai dai a san cewa abin da aka fesa wa bishiya ma a ɓawon yake zama. Kafin a ɗauki kowane ɓawo a karanta amsa ta 4 da ta 5.

3. Da wanne ya kamata mai koyo ya fara?

Da ɓawon lemo, ko da ɗanyar ayaba. Dukkansu ba su da suga sosai, suna bushewa da wuri, suna dakuwa ba gardama. Bayan hannu ya faɗa sai a koma gwaba da mangwaron da bai gama nuna ba. Masu wuyar sha'ani su ne nunannen mangwaro irin binta suga, abarba, nunanniyar ayaba da dabino mai laushi: suna bushewa su zama kamar fata mai danƙo, a sa su a injin su manne. Dalilin yana amsa ta 14.

Kankana ba ta biyan wahala. Fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, abin da zai rage bai taka kara ya karya ba. Farin ɓawonta ne ma ya fi jan tsokar amfani a wannan aiki.

4. Akwai ɓawon da bai kamata a taɓa ba?

Akwai. Na farko, ɓawon tuffa, lemo da inabin da aka shigo da su daga waje. Galibi ana shafa musu kakin da ke sa ƙyalli tare da maganin hana fumfuna don su jure doguwar tafiya, kuma wanki ba ya fitar da shi duka. Na biyu, ɓawon ayaba ko mangwaron da aka nunar da kabaid, sinadarin nan na masu walda, wanda hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta sha gargaɗi a kansa. Alamarsa: ɓawo ya yi ruwan ɗorawa fes amma tsokar da tauri ba zaƙi, wani lokaci da farar ƙura a jiki. A ayaba za a ga 'ya'yan sun yi launi alhali marikin yana nan kore shar.

Na uku, duk ɓawon da ya taɓa ƙasa a kasuwa, ko aka tsinta a juji, ko ya kwana a leda ya fara tsami. Wanda ya nuna ɗigon fumfuna, kore ko fari ko baƙi, a zubar da shi gaba ɗaya. Wasu nau'ukan fumfuna suna barin guba da shanya da dafuwa ba sa kashewa. A cire ƙwallaye da iri kuma, musamman irin gwandar masar da na tuffa. Ɓawon ƙwallon kashu kuwa ko kusa, mansa yana ƙona fata.

5. Yaya ake wankewa?

Ana wanke ɗan itacen ne tun yana ɗungum, kafin wuƙa ta taɓa shi. Idan aka fere sannan aka wanke, dattin ya riga ya shiga ciki, ruwan kuma zai tafi da wani ɓangare na bitamin.

A fara da ruwa mai tsabta da soso ko buroshi mai laushi, a goge musamman wajen hancin, inda ƙura ke maƙalewa. Sannan a jiƙa minti 15 a ruwan da aka narka bekin soda, giram 10 a kowace lita, wato kimanin cokalin shayi biyu. Wannan yana rage maganin feshin da ke saman fata, amma ba ya kai wa ga wanda ya ratsa ciki. A ɗauraye sau biyu, a kife a kwando ya tsane. Ba a sa sabulu ko omo, fatar tana shanye ƙamshinsu. Abarba tana buƙatar buroshi mai ƙarfi saboda ramukan idanunta.

Mai son tara ɓawon lemo da yawa zai iya shiryawa da masu fere lemo a bakin hanya. Dogon zaren nan da wuƙarsu ke fitarwa, siriri ba farin ɓargo, shi ne ainihin ɓangaren mai ƙamshi. Sharaɗin shi ne a wanke lemon kafin a fere, ɓawon ya faɗa cikin roba mai tsabta, a kuma karɓe shi a ranar.

6. Wane mataki na nuna ya fi dacewa?

Ya danganta da abin da ake so. Don gari mai zaƙi da ƙamshi, a ɗauki mangwaron da ya ƙosa ya fara launi amma yatsa bai lotsa shi ba. Wanda ya yi luguf ba ya yankuwa, kuma sugansa ya yi yawa. Mai zare yana buƙatar tankaɗe sau biyu, shi ya sa manyan nau'uka marasa zare suka fi. Don gari mai tsami na miya, ɗanye shar ake so. Ayabar gari kuwa kore ake ɗauka, lokacin sitacinta bai juye suga ba.

Koren ɓawon lemon da ake kawowa daga Binuwai ba alamar ɗanye ba ne. A ƙasa mai zafi lemo kan nuna ciki ba tare da fatarsa ta sauya launi ba, sanyin dare ne ke sa ta rikiɗe. Garinsa zai fito ruwan ƙasa-ƙasa, ba laifi ba ne.

7. Wane kauri za a yanka?

Milimita 3 zuwa 5, kaurin kwali mai kyau. Abin da ya fi kaurin muhimmanci shi ne daidaito: idan wasu yanka sun ninka wasu, sirara za su ƙone kafin masu kauri su bushe, kuma guda ɗaya mai ɗanyen ciki ya isa ya lalata kwalba guda. A yi amfani da wuƙar da ba ta tsatsa, baƙar wuƙa tana sa mangwaro da ayaba baƙi. Ɓawo a yayyanka shi ƙanana kamar faɗin yatsa. A jera ɗai-ɗai, kada wani ya hau wani. Tire mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana ɗaukar kilo 4 zuwa 5 na yankakken mangwaro.

8. Me ke sa yanka ya yi baƙi, yaya ake hana shi?

Da zarar an yanka, iska tana haɗuwa da wani sinadari na cikin tsokar, sai launi ya dushe. Ayaba da tuffa sun fi saurin yi, cikin mintuna. Tsami yana dakatar da wannan. A haɗa ruwan lemon tsami kofi ɗaya da ruwa kofi huɗu, ko a narka sinadarin sitirik na masu haɗa lemon kwalba, giram 5 a lita ɗaya. A riƙa yankawa ana jefawa ciki kai tsaye, ya yi minti 10, a tsame a tsane.

Ɓawon ayaba tsami kaɗai ba ya riƙe shi, sai an tsoma shi a tafasasshen ruwa minti 3 zuwa 5, a tsame a zuba a ruwan sanyi. Ko da haka garin zai yi duhu, haka halinsa yake. Kamfanoni suna amfani da sinadarin salfait, shi ya sa busasshen mangwaronsu ke ɗaukar ido. Ba mu ba da shawarar sa a gida, domin yana tayar wa wasu masu asma ciwo, kuma awonsa sai da sikeli mai kyau.

Akwai wani baƙin na daban da ke zuwa daga baya, idan zafi ya yi yawa suga ya fara ƙonewa. Wannan yana zuwa da ɗan ɗaci da ƙaurin ƙuna. Maganinsa yana amsa ta 11.

9. Ba za a shanya a tabarma kamar kuɓewa da tumatir ba?

Zai bushe, amma ba irin busawar da ake so ba. Hasken rana kai tsaye yana cinye bitamin C da launin mangwaro. Zaƙi yana kiran ƙuda, kiyashi da zuma. A hunturu iska busasshiya ce ƙwarai, ta fi kowane lokaci saurin busarwa, amma ƙurarta tana manne wa yanka mai danƙo, kuma babu rariyar da za ta raba ƙasa da gari. Mai ci zai ji ta a haƙori.

In babu wata hanya, a ɗaga shanyar daga ƙasa a kan gado ko tebur, a shimfiɗa raga, a rufe da farin yadi marar kauri wanda bai taɓa abin ba, a sa ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa saboda kiyashi. A kwashe kafin magariba, domin raɓa tana mayar da aikin yini baya. Ɓawon lemo a inuwa mai iska ya fi riƙe ƙamshi.

10. Yaya ake haɗa akwatin shanya mai aiki da rana?

Kafinta na unguwa zai iya. Akwati ne na katako, tsawon mita 2, faɗin mita 1, a kan ƙafafu. Bangon baya ya fi na gaba tsayi yadda murfin zai ɗan karkace. A shimfiɗa kwano a ƙasan ciki a shafe shi da baƙin fenti, a bar shi ya sha rana kwanaki har warin ya fita. Murfin a yi shi da gilashi ko farar leda mai kauri irin ta rumfar rainon shuka, domin leda ta yau da kullum rana tana farfasa ta cikin 'yan watanni. A buɗe ƙofar iska a ƙasan gaba, wata a saman baya, kowacce a rufe ta da ragar gidan sauro.

Ƙofofin nan su ne ran akwatin. Iska tana shiga ta ƙasa, ta ɗauki zafi, ta kwashi danshi, ta fice ta sama. Masu toshe su don zafi ya ƙaru suna dafa abin ne a tururi. Idan aka ga gumi a cikin murfin, iska ba ta fita, a ƙara buɗewa. Tire kuma a yi shi da ragar roba ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Ragar waya ta kejin kaji ba ta dace ba, tsamin 'ya'yan itace yana cin rufinta ya shiga abinci.

Wanda ya fi wannan kyau shi ne mai ɗaki biyu: baƙin akwati yana ɗumama iska, ita kuma ta hau cikin kabad mai duhu inda tirori suke. Rana ba ta ganin abin, launi da bitamin sun fi tsira. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI, mai hedikwata a Ilorin da ofishi a Kano, tana aiki kan ire-iren waɗannan na'urori.

11. Zafi nawa, awa nawa?

Digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas. Ƙasa da 50 busawar tana jan lokaci har tsami da fumfuna su riga ta. Sama da 70 saman yankan yana ƙafewa ya zama kamar fata, ya kulle ruwan ciki: a taɓa a ji ya bushe, bayan mako a ga ya yi gumi a kwalba. A rataya ma'aunin zafi a ciki, hannu ba ya faɗin gaskiya. A tsakar ranar watan Afrilu akwatin rana yana iya wuce 70, sai a buɗe ƙofofi duka.

A na'urar busarwa ta lantarki, ɓawon lemo kan ɗauki awa 6 zuwa 8, ɗanyar ayaba 8 zuwa 10, mangwaro da abarba 12 zuwa 18 idan har karyewa ake so su yi. A akwatin rana, kwana 2 zuwa 4. A sa shanya da sassafe don ta samu cikakken yinin farko, shi ne mai haɗari. A juya yanka bayan awa uku ko huɗu, a riƙa sauya wa tirori wuri. Obin ma yana yi idan wutarsa tana sauka ƙasa sosai: a saƙala muciya a ƙofar ta ɗan buɗe don tururi ya fita. Yawancin obin ɗin gas sun fi ƙarfin wannan aiki.

12. Ta yaya za a san ya bushe?

Busasshen mangwaro na ci yana lanƙwasuwa. Na gari sai ya karye ƙas. A ɗauki mafi kauri a cikinsu, a bar shi ya huce minti 10 tukuna, domin mai zafi kullum da laushi yake, sannan a karya. Idan ya lanƙwashe, da saura. Mai sikeli ya auna tire guda, ya mayar, ya sake aunawa bayan awa ɗaya. Nauyi ya daina sauka, an zo ƙarshe.

Gwaji na ƙarshe kafin niƙa: a zuba a busasshiyar kwalba, a rufe, a ajiye kwana biyu ana girgizawa. Gumi a jikin kwalbar ko mannewar yanka da juna na nufin a mayar shanya.

13. Kilo nawa na gari za a samu?

Lissafin yana sanyaya gwiwar masu farawa, gara a san shi tun wuri. A kilo 10 na mangwaro, ƙwallo da ɓawo za su tafi da kilo 3 zuwa 4, tsoka ta rage kamar kilo 6. Sama da kashi 80 cikin 100 na tsokar ruwa ne, saboda haka garin da zai fito bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba. Ɓawon, idan aka busar da shi daban, zai ƙara giram 300 zuwa 400. Kilo ɗaya na ɗanyen ɓawon lemo yana ba da kimanin giram 250. In ban da kankana, abarba ta fi kowa ƙaranci, ɗanyar ayaba ta fi kowa auki.

Ma'ana sana'ar ba ta ci sai lokacin da kaya suka yi araha, kuma kusa da inda suke. Sa'ar da aka yi a Arewa ita ce kakar mangwaro tana faɗowa a bazara, rana tana kan ganiyarta, ruwa bai sauka ba.

14. Me ya sa garin ke dunƙulewa ya zama kamar alewa?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce dawowa. Sugan da ke cikin 'ya'yan itace ba irin na kanti ba ne mai tsayawa ƙwaya-ƙwaya. Idan ya bushe kamar gilashi yake, amma ɗan zafi ko ɗan danshi ya isa ya narkar da shi ya koma danƙo. Niƙa tana kawo zafi, sannan gari yana da fuska mai yawa da ke zuƙar laimar iska. Garin nunannen mangwaro da aka bari a buɗe a faranti a watan Agusta, kafin a idar da sallah ya fara kama cokali.

Abin yi: a busar har ya karye, a bar shi ya huce sarai. Mai firiza ya rufe yankan a leda ya sa awa ɗaya, ya niƙa da sanyinsa nan take. A niƙa kaɗan-kaɗan, daƙiƙa 10 a tsaya. A yi aikin da tsakar rana a busasshen ɗaki, ba kusa da tukunya a wuta ba, a ɗura cikin minti kaɗan. Idan duk da haka yana kamawa, a gauraya da abin da ba ya danƙo tun wajen niƙa: garin ɗanyar ayaba, soyayyen garin shinkafa, ko garin 'ya'yan kuka, kashi 1 a cikin 5 ko 6. Kamfanoni ma haka suke yi, da wani sitaci da ake kira maltodestirin, kuma a wasu garin kanti yakan yi yawa sosai. Mai sayarwa ya rubuta abin da ya haɗa a jikin leda.

Wanda ya riga ya dunƙule, in ba wari ba fumfuna, a farfasa shi a mayar na'ura a digiri 50 na awa biyu, ya huce, a sake niƙawa.

15. Turmi, bilenda ko injin unguwa?

Turmi yana yi wa ɓawo da ɗanyar ayaba, in dai ba na daddawa da barkono ba ne. Ƙaramin kofin bilenda na kayan yaji ya fi dacewa da aikin gida. Injin unguwa shi ne zaɓi na ƙarshe: yana zafi, yana ɗauke da ragowar abin da aka niƙa kafin naka, sau da yawa da danshin markaɗe, kuma faifansa na ƙarfe yana goguwa cikin gari. In ya zama dole, a je da sassafe, a fara wuce da busasshiyar shinkafa a ware ta. A tankaɗe da rariya mai laushi, tsakin a mayar a sake dakawa.

16. Garin ɓawon lemo ya yi ɗaci. Ina kuskuren?

Farin ɓargon ne. In ƙamshi ake so, don shayi, kek, cincin ko yaji, fatar waje kaɗai ake ɗauka, a fere siriri ko a goga a magogi, kuma ba a tafasa ta. In faiba da fektin ake so, a ɗauki ɓawon duka, a tafasa minti 5, a zubar da ruwan, a maimaita sau biyu ko uku, a matse, sannan a shanya. Ɗacin zai ragu sosai, amma bitamin C da rabin ƙamshin sun bi ruwa. Ba a samun biyun a tukunya ɗaya. Ɓawon da bai cika sharaɗin ci ba ma ba asara ba ne, busasshensa ake sa wa a garwashi don korar sauro.

17. Sauran ɓawo fa: mangwaro, abarba, ayaba, kankana?

Na mangwaro yana da ɗan bauri, kuma ƙaron da ke fita daga hancinsa yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje a baki. A yanke wajen hancin, a wanke ƙaron. Wanda ɗanyen ɓawo ke yi wa haka, garin ma zai yi masa. Na abarba ba ya laushi komai niƙa, ya fi kyau a bar shi ɓarza-ɓarza a riƙa jefawa a zoɓo ko shayi a tace. Na ayaba, bayan tsomawar da aka faɗa a amsa ta 8, ana haɗa shi da fulawa. Na kankana a fere koren a zubar, a busar da farin. Ba shi da ɗanɗano, kauri kawai yake ƙarawa.

Abin da ya yi yawa ko bai yi kyan gani ba, matuƙar ba fumfuna, tumaki da shanu suna cin sa a haɗe da dusa. A fara musu da kaɗan.

18. A me za a ajiye, kuma zai kai yaushe?

Kwalbar gilashi mai murfin da ke kamawa, wadda aka wanke ta bushe sarai, ko leda mai rufin azurfa a ciki da ake liƙewa da na'ura. Farar leda ta ƙulla kaya tana barin danshi ya ratsa a hankali, ko an ƙulle ta tam. A zuba a ƙananan mazubai maimakon babba ɗaya, kowane buɗewa iska ce ke shiga. A ajiye a wuri mai duhu da sanyi, nesa da murhu da taga. Ƙaramin ƙunshin nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalbar magani yana taimakawa, in na abinci ne kuma sabo. Firji ba dole ba ne, kuma inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa yana jawo gumi.

A lissafa wata 6, a rubuta ranar da aka yi a jiki. Ƙamshin ɓawon lemo yana fara tafiya tun kafin nan. Cokali mai laima ba ya shiga kwalba.

19. Bayan duk wannan, me ya rage na amfani a ciki?

Faiba, fotasiyam, kalsiyam da suga ba sa zuwa ko'ina, taruwa ma suke yi tunda ruwa ya fita. Bitamin C ne mai rauni: zafi, haske, iska da tsawon ajiya duk suna cin sa. Sinadarin bitamin A yana tsakiya, kuma launi ne ma'auninsa. Garin mangwaron da ya koɗe ya yi fari-fari ya yi asara mai yawa. Garin ba ya maye gurbin ɗanyen ɗan itace a lokacinsa, amfaninsa shi ne watannin da babu. Abinci ne kuma, ba magani ba. Masu tallan cewa garin ɓawo yana warkar da ciwon suga ko hawan jini suna sayar da abin da ba su da shi.

20. Yaya ake amfani da shi, kuma wa zai yi hattara?

Garin tsoka: cokalin cin abinci ɗaya ko biyu a kofin kunu, koko, fura ko yogot. A zuba bayan an sauke daga wuta, a fara dama shi da ɗan ruwa don kada ya yi gudaji. Garin abarba da na ɗanyar gwanda suna sa madara ɗaci idan suka jima tare, a haɗa a sha nan take. Wannan halin nasu ne kuma ke sa su tausasa nama. Garin fatar lemo cokalin shayi ɗaya ya ishi kwaɓin fulawa rabin kilo. Garin ɓawon ayaba ko na mangwaro kada ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na fulawa, in ya wuce burodi ba ya tashi, ya yi duhu da bauri.

Mai ciwon suga ya tuna cewa cokali biyu na garin mangwaro ko dabino mafi yawansa suga ne. Mai ciwon ƙoda da aka hana fotasiyam ya nisanci na ayaba. Mai shan maganin hawan jini ko na kitsen jini ya tambayi likita kafin ya saba da ɓawon manyan lemo masu ɗaci irin garehul. Jariri ƙasa da wata 6 nono kaɗai. Bayan nan za a iya sa masa ɗan garin tsoka a kunu, amma ban da na ɓawo, faibarsa tana cika ƙaramin ciki ba tare da ta ƙosar ba.

21. Me ake buƙata kafin a fara sayarwa?

A Najeriya, abincin da aka ƙulla aka sa wa suna don kanti yana buƙatar rajistar NAFDAC, kafin ita kuma rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. Jami'ai suna duba wurin aiki: ɗaki na daban da kicin ɗin gida, raga a taga, ruwa mai tsabta, wurin wanke hannu. A jikin leda a rubuta sunan kaya, abubuwan da ke ciki, nauyi, ranar yi da ranar ƙarewa, lambar zubi da adireshi. Daga kowane zubi a ware ƙunshi ɗaya a ajiye. Idan mai saye ya dawo da ƙorafi bayan wata uku, shi za a buɗe a gani ko daga wajen aiki ne ko daga ajiyarsa.

22. Ana iya yin aikin da damina?

Da rana kaɗai, da wuya. Daga Yuli zuwa Satumba iska cike take da laima, yanka kan yi tsami kafin ya bushe, wanda ya bushe kuma ya sake jiƙewa da dare. Sai da na'urar lantarki ko ta gas, ko akwati mai ɗaki biyu da aka yi wa murhun gawayi a ƙasa yadda hayaƙi ba ya shiga ciki. Idan hadari ya katse shanya a tsakiya, a kwashe a rufe a leda a sa firiza in akwai, ko a ƙarasa a obin a daren. Abin da ya kwana biyu da ɗanyen ciki, a shinshina: in ya fara warin giya, na dabbobi ne. Wanda ya bushe lafiya kuma kada a niƙa shi duka. A ajiye shi yanka-yanka a kwalba, a riƙa niƙa na mako guda.